Shekarar Da Hannun Malam Ya Yi Rawa

Na so in tafi kabari da wannan magana, domin mahaifinku bai taɓa son a tayar da ita ba, ni kuma duk zamanmu abin da ya ce a rufe rufewa nake yi, in ban da sau ɗaya. Amma ranar da ake zaman makokinsa wani tsoho ya zauna a zaure yana yabonsa da ƙarfi, muryarsa har tsakar gida, wai Malam mutumin kirki ne, ya ɗan taɓa kwalba da ƙuruciya amma ya yi tuba mai kyau. Na ga Hadiza ta ajiye tiren da ke hannunta ta dube ni, ta kuma kawar da kai. Ba ta tambaye ni ba, na kuma san ba mai tambaya a cikinku, kunya ba za ta bar ku ba. To, ba sai kun tambaya ba. Mahaifinku bai taɓa sanin ɗanɗanon giya ba. Kwalba kam akwai ta, ni ce ma mai wanke mata baki, ga kuma labarinta.

Lokacin muna Bukuru, a gidan nan na bayan kasuwa mai rufin kwano, soja na shirin miƙa mulki, ko'ina hirar zaɓe ake yi. A gidan akwai ni da Malam, da Inna mahaifiyarsa, da Baffanku Sale wanda bai yi aure ba tukuna, sai Hadiza tana tatata. Wanzanci gadonsu ne. Kakan Malam ya zo da zabirarsa tun zamanin da ake tururuwa zuwa haƙar kuza, ya kama gidaje, gidajen nan kuwa su ne dukiyar wanzami. Gidan da ubanka ya yi wa aski kai za ka yi wa, in an haihu kai za a kira, in yara sun isa kaciya kai ne. Malam ya gaji gidajen, ya kuma gaji hannu. Ba don mijina ba ne, amma na sha ganin ya aske jariri tas yaron yana barci a cinyar ungozoma bai ko motsa ba. Sale ma ya iya, sai dai akwai gaggawa. Nakan tsokane shi in ce shi sassabe yake yi ba aski ba, shi kuma ya ce in cire ɗankwali ya gwada in gani.

Abu ɗaya ne ya hana Malam sakat, fuka, wadda yanzu kuke kira asma. Ku da kuka tashi a ɗaki mai silin ba ku san sanyin damina na wancan gida ba. Ruwa ya wuni yana yayyafi, bango ya jiƙe, tabarma ta yi sanyi kamar an tsamo ta daga rijiya, sai ka ji ƙirjin Malam yana kuka kamar 'yar kyanwa. Inna ta yi iya yinta, zuma ce, man shanu ne, jiƙe-jiƙe ne, har da wani hayaƙi da take turara masa wanda ni dai ban taɓa ganin ya yi komai ba sai ƙara masa tari. Shi kansa ai rabinsa mai magani ne, kamar kowane wanzami. Zabirarsa cike take da ƙulle-ƙullen saiwa, yana yi wa mutane ƙaho, yana ba su maganin ƙirji, suna dawowa su ce sun ji daɗi. Nasa ne dai ya ƙi ji. Wata safiya a daminar shekarar abin ya kayar da shi a bakin rijiya yana cikin alwala, leɓɓansa suka yi baƙi. Muna tsaye muna salati, Inna ta tafi neman garwashi, sai maƙwabciyarmu Maman Rifkatu ta leƙo ta katanga. Nas ce a wani asibiti a Jos, mace mai faɗa da kirki. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ta daka wa Sale tsawa ya fita ya tare motar kiya-kiya, aka zuba Malam a ciki ita tana riƙe da kansa har Jos.

Ya yi 'yan kwanaki can, ya dawo da abin da ban taɓa gani ba. Wasu 'yan kwalabe ne na ƙarfe guda biyu, kowace ba ta fi babban yatsa ba, an zura su cikin gidan roba mai baki. Ɗaya shuɗiya, ɗaya ruwan ƙasa. Sai ka girgiza, ka sa a baki, ka danna kana jan numfashi, maganin ya tafi ƙirji kai tsaye. Aka ce masa mai ruwan ƙasar safe da yamma ne ko lafiyarsa ƙalau, shuɗiyar kuma sai ƙirji ya kama. Ranar da na fara ganin aikin shuɗiyar kuka na yi. Mutumin da nakan zauna ina yi masa fifita tun daga hantsi har azahar yana kokawa da iska, ya danna abin nan, kafin in gama hura wuta ya miƙe yana tambayar ko da sauran koko. Na yi wa Allah godiya, na yi wa wanda ya ƙirƙiro shi addu'a ko da ban san addininsa ba, har yau kuma ban janye ba.

Kokon nan ne ya fara nuna mana ɗaya fuskar maganin. Na miƙa masa kwano, sai na ji ludayi yana ƙwanƙwasar bakin kwanon, ƙas-ƙas-ƙas. Ya ajiye, ya miƙe hannunsa na dama a gabana. Yatsun suna rawa, 'yar rawa ƙanƙanuwa, wadda in manomi ne ko ɗan dako ko lura ba zai yi ba.

“Azumi, dubi.”

“Sanyi ne, Malam.”

“Ba sanyi ba ne. Na san sanyi.”

Ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa, na ji zuciyarsa tana gudu kamar wanda ya hawo dutse. Bayan wani lokaci abin ya lafa, hannun ya dawo daidai. Amma duk ranar da ya shaƙi shuɗiyar sai ya dawo, in ya shaƙa da yawa ya daɗe. A nan ya kafa mini doka, cewa kada kowa ya ji, ko Inna. Na ce masa ciwo ai ba abin kunya ba ne. Ya ce ciwo ba abin kunya ba ne ga mai sayar da goro, amma wanzamin da ke ba mutane maganin ƙirji a gan shi yana tsotsar kwalbar Bature, sannan a ji hannunsa na rawa, wace uwa ce za ta miƙa masa kan ɗanta? Ni ma uwa ce, na san ba zan miƙa ba.

Mai ruwan ƙasar ita ma ta zo da nata. Muryarsa ta dishe, ya koma magana kamar mai mura, bakinsa ya yi wani fari-fari a harshe da dasashi, ko yaji ya kasa ci, goro kuwa sai ya runtse ido. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne wai ba ta buɗe ƙirji, in ya shaƙa ba ya jin komai. Ya ce wannan ta banza ce, sai ɓata baki, ya jefa ta cikin kwallata inda nake ajiye zannuwan biki, ya manta da ita. Mu ba mu san ita ce mai tsare ciwon tun bai taso ba. Da ya bar ta sai fukar ta riƙa zuwa a kai a kai, yana ƙara jingina da shuɗiyar, hannun yana ƙara rawa.

Yanzu ku duba yadda abin ya kasance a idon mutane. Mutum ya nufo gidan suna da sassafe, ya kusa ƙofa sai ya ratse lungu, ya juya wa hanya baya, ya zaro wani abu daga aljihu, ya kai baki, ya ɗaga kai sama, ya yi maza ya mayar, ya waiga ko an gan shi. Sannan ya shigo da disasshiyar murya, da jan ido na rashin barci, da hannu mai rawa. A wani gari wataƙila a ce rashin lafiya ne. Amma wannan Bukuru ce. Kowa ya tashi yana ganin tsofaffin leburorin kuza da suka ƙare a gidajen burukutu, kowa ya san rawar hannunsu ta safe wadda ba ta tsayawa sai sun kurɓa. Ba wanda ya yi ƙarya a kan abin da ya gani, fassarar ce kawai ta karkace.

Ba a zo an faɗa mana ba, ai ba a yin haka. Sai dai aike ya canja. Gidan da a da akan ce Malam ya zo, sai a ce ko Sale ma aka turo ya isa. Wani gida da kakan Malam ya yi wa aski suka ɗauko wanzami tun daga Jos, muka ji a bakin maroƙa. Ni a wurin mai kitso na ji. Kaina yana tsakanin gwiwoyinta, ta sassauta murya ta ce in yi haƙuri, jarrabawa ce, mijin yayarta ma ya yi fama amma da aka dage da rubutu ya bari. Na ce ya bar me? Ta ce haba Azumi, ai ba a ɓoye wa mai kitso. Na tashi da rabin kai a tsefe, na ɗaura ɗankwali na dawo gida.

Na faɗa wa Malam ina kuka. Na zaci zai tashi ya zaga gari da kwalbar a tafin hannu. Sai ya ce magana ce, za ta wuce, ranar da suka ga hannunsa tsaye cak za su ji kunya. Na ce sunansa fa, limamin unguwa ya daina tsayawa su gaisa, yarinyar nan za ta girma a ce mata 'yar mashayi. Ya ce in ya nuna kwalbar ya wanke sunansa ya rasa askarsa, in ya yi haƙuri zai tsira da duka biyun. Mahaifinku mutum ne mai sanyi, amma in ya kafe ko jaki sai ya sara masa. Da na rasa yadda zan yi sai na leƙa wa Maman Rifkatu, tunda ita ba sabon ji za ta yi ba. Ta tambaye ni sau nawa yake shaƙar shuɗiyar, ta tambayi ɗayar. Da na ce tana cikin kwalla sai ta tafa hannu.

“Kai, Maman Hadiza, oga naki yana wasa da rai! Wannan rawan hannu, magani ne yana kawo shi, kowa ya sani a asibiti, ba ya kashe mutum. Amma ya bar wancan ɗin, shi ne zai kashe shi. Ki gaya mishi ya wanke baki in ya sha, shi ke nan fa.”

Ta tare shi da kanta a ƙofar gida ta maimaita masa. Ya ce to, ya ji, ya gode. Duk wanda ya zauna da mahaifinku ya san in ya ce “to, na ji” da wannan murya, bai ji ba.

Ana cikin haka aka haihu a gidan Alhaji Mamman mai motocin haya. Gidansa ne babba a gidajen askinmu, shi kuwa aminin mahaifin Malam ne tun suna samari, wannan kuma jikansa na fari. Ya aiko cewa Malam da kansa yake so, ba Sale ba. Mun gane abin da ake nufi. Alhaji ya ji maganar, yana son ya gani da idonsa, rabin gari kuma zai kasance a wurin. Malam ya ɗauki abin a matsayin damar da yake jira. Tun jajibiri ya daina taɓa shuɗiyar don hannunsa ya kwanta, ya zauna yana wasa askarsa a kan fata har tana ɗaukar ido. Ruwa kuwa ya ƙi ɗaukewa. Da safe da zai fita na ji 'yar kyanwar nan tana kuka a ƙirjinsa. Na tambaye shi ko ya ɗauki maganin, ya dafa aljihu, suka fita da Sale.

Ni ma gayyatacciya ce, don haka da rana ta ɗan ɗaga na buɗe kwalla in ɗauko zanen fita. Ga su nan su biyu a kwance kan zanen, mai ruwan ƙasar da shuɗiyar. Aljihun da ya dafa ba komai a ciki. Na daɗe a durƙushe ina kallonsu. In na kai masa, na karya dokarsa a gaban jama'a, na kuma karya sana'ar da muke ci da ita, wataƙila har aurena. In na bar ta, wataƙila ya gama lafiya ya dawo da sunansa da askarsa, ya yi mini dariya. Wataƙila kuma a kawo mini shi a kan tabarma. Na tuna leɓɓansa a bakin rijiya, sai na ga ba wani dogon lissafi a ciki. Na ƙulle shuɗiyar a bakin zane, na ajiye wa Inna Hadiza, ta tambaye ni saurin me nake yi tun ba a sauke tukwane ba, na ce mata mantuwa aka yi.

Tun daga ƙofar gidan Alhaji hayaƙi ya tare ni. An jera tukwane a tsakar gida, itacen ya sha ruwa, ga kuma ana babbake kan rago da ƙafafu a gefe, hayaƙin ya rasa hanyar tashi sai ya kwanta ƙarƙashin rumfa. A ƙarƙashin rumfar nan kuwa aka shimfiɗa tabarmar aski. Mata sun kewaye, Alhaji da wasu dattawa suna tsaye daga bakin zaure, abin da ba a saba ba. Ungozoma tana riƙe da jariri, Sale yana riƙe da ƙoƙon ruwa, Malam yana tsugune. Ya aske rabin kan, kuma wallahi hannunsa tsaye yake cak, ban taɓa ganin ya yi kyau haka ba. Amma kafaɗunsa suna hawa suna sauka, jijiyoyin wuyansa sun fito, gumi yana ɗiga daga haɓarsa cikin wannan sanyi. Sai ya ɗaga askar daga kan yaron ya tsaya. Ya buɗe baki, iska ta ƙi shiga. Ya dafa ƙasa da hannun hagu. Na ji wata a bayana tana raɗa wa 'yar'uwarta cewa ga shi nan, yau bai samu ya kurɓa ba ne.

Ban san lokacin da na ratsa su ba. Na durƙusa a bakin tabarmar, na kwance bakin zane, na miƙa masa da hannu biyu kamar yadda nake miƙa masa ruwa.

“Malam, ga maganinka.”

Ya dube ni. Na zauna da mutumin nan har tsufa, bai taɓa yi mini irin wannan kallo ba, kafin ranar ko bayanta. Bai karɓa ba. Sai na juya wajen dattawa, ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai nake yi musu, na ɗaga abin sama.

“Alhaji, ku gafarce ni. Wannan ita ce kwalbar da ake faɗa. Daga asibiti take, ta fuka ce. In ya shaƙa ya yi numfashi, hannunsa ya yi rawa. In bai shaƙa ba, ga shi kuna gani. Tun jiya ya bar ta saboda jikanka.”

Malam ya juya askar ya miƙa wa Sale ta wajen ƙota, sannan ya karɓi abin daga hannuna. Bai juya baya ba, ba ma ƙarfin juyawar. Ya girgiza, ya sa a baki, ya danna a gaban kowa. Aka janye shi daga hayaƙin aka jingina shi da bango. A hankali kukan ƙirjin ya sassauta, leɓɓansa suka dawo. Sale ya ƙarasa askin, kuma ranar ko ni ban ce sassabe ba ne. Kafin ya gama, hannuwan Malam suka soma rawarsu. Bai ɓoye su cikin riga ba. Ya ɗora su a kan gwiwoyinsa, duk mai ido ya ga lokacin da abin ya fara da abin da ya kawo shi.

Kada ku zaci an ɗauke ni a kafaɗa. Labari ya riga mu isa gida. Inna, wadda ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, ta tare ni a tsakar gida ta ce na tsiraita mutumin nawa a gaban mata, na tona asirin gidan da ya rufa mini asiri, ta ce a zamaninsu macen da ta yi haka ba ta kwana a ɗakinta. Malam kuwa bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Shiru ya yi mini. Zai ci abincina, ya amsa gaisuwata da ka, in yana son abu ya faɗa wa Hadiza wadda ko magana ba ta gama iyawa ba. Na yi kuka a madafa har na gaji. Na ji zafi ƙwarai, amma ko sau ɗaya ban yi da-na-sani ba, don duk safiya ina jin tarinsa a bayan ɗaki, mai tari kuwa yana da rai.

Cikin shirun nan ya yi abubuwa biyu. Na farko, ya bi Maman Rifkatu suka koma wurin likita, ba tare da na ce masa komai ba. Aka ba shi maganin farin bakin, aka sake yi masa bayanin kwalaben. Ya dawo ya zaro mai ruwan ƙasar daga kwallata da kansa. Da yake an ce ya riƙa kurkure baki bayan ya shaƙa, sai ya haɗa ta da alwala, ya shaƙa kafin alwalar asuba da ta magariba, kurkurar ta biyo baya, ba mantuwa. Bakin ya warke, muryar ta dawo ko da ba duka ba, ita ce 'yar dishewar nan da kuka san shi da ita. Fukar ta ja baya, shuɗiyar ta koma sai jefi-jefi, rawar hannun ma haka. Na biyu shi ne wanda ya fi ciwo. Ya kira Sale a gaban Inna ya miƙa masa zabirar mahaifinsu. Sale ya ƙi karɓa, ya ce ai hannun ya yi sauƙi. Malam ya ce ya yi sauƙi, amma shi bai san wace safiya ƙirjin zai kama ba, ba kuwa zai sake tsugunawa gaban ɗan mutane yana zaɓe tsakanin numfashinsa da kan yaro ba. Daga ranar bai ƙara askin suna ba, bai ƙara kaciya ba. Inna ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Mun ji a jikinmu. Naman suna da hatsin da akan aiko wa wanzami suka koma hannun Sale, shi kuwa Allah ya saka masa, bai taɓa cin wani abu bai raba da mu ba, amma karɓa daga hannun ƙane ba daidai yake da kawowa da kanka ba. Na koma yin ƙosai a ƙofar gida. Malam ya bar wa kansa askin manya kawai. Kullum zai shimfiɗa tabarma a zaure, ya jera aska da sabulu da ƙoƙo, ya zauna. Ba mai zuwa. Wasu sun yarda da abin da suka gani, amma ba mai son ya fara miƙa wuyansa. Wasu kuma cewa suka yi dabarar mace ce, na rufa wa mijina asiri da kwalbar asibiti. Ina daga ciki ina jin yana wasa askar da ba ta aski kowa ba, ya naɗe tabarma da azahar ya shigo. A lokacin ne na fara tsoron ko na ceci ransa ne na kashe mutumin.

Wata Juma'a da hantsi ina tankaɗe a bayan ƙofar zaure sai na ji hayaniya. Alhaji Mamman ne. Ya bar motarsa can bakin titi, ya ratso ta tsakiyar kasuwa da ƙafa, yana tsayawa yana gaisawa da kowa, duk wanda ya tambaye shi ina zuwa sai ya ce aski zai je wurin ɗan amininsa. Ya yi sallama, ya zauna a tabarma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Abin da bai sani ba, ni na sani, shi ne da asubar ranar ƙirjin Malam ya kama, ya shaƙi shuɗiyar, ya kuma ƙara bayan gari ya waye. Na leƙa ta tsagar ƙofa na ga ya miƙa hannunsa a gaban Alhaji kamar yadda ya taɓa miƙa mini.

“Alhaji, yau na shaƙa. Ka ga hannun. Bari a kira Sale.”

“Na gani. Kaina ba na jariri ba ne. Ubanka ya aske shi har ya bar duniya, kai ma aske shi za ka yi. In ka yanke ni, jinin tsoho ne, ba yawa gare shi ba.”

Malam ya jiƙa kan, ya shafa sabulu, ya yi bisimilla. Ya dafa gwiwar hannunsa a kan gwiwarsa don ya rage rawar, ya bi a hankali, askin da a da yake gamawa kafin a gama gaisuwa ya ɗauke shi lokaci mai tsawo. Mutane sun taru a ƙofa kamar ana rabon wani abu. Can wajen bayan kunne askar ta ɗan taɓa, jini ya tsatso. Alhaji ya shafa wurin ya duba yatsansa, ya ce ko sauron Bukuru ya fi wannan ɓarna, a ci gaba. Aka yi dariya. Kafin ya mayar da hularsa na ga mutum biyu sun tuɓe takalma sun zauna a gefen tabarma suna jira, ɗayansu limamin unguwa ne.

Na koma da sauri na zauna kan tankaɗena kamar ban ga komai ba. Malam ya shigo da ƙoƙo a hannu, ya tsaya a kaina.

“Azumi, a ɗora ruwan ɗumi, akwai mutane.”

Rabon da ya kira sunana tun safiyar sunan nan. Na tashi ina hura wuta, ina ɗora wa hayaƙi laifin hawayena. Ya karɓi ruwan ya nufi zaure, ya kai bakin ƙofa sai ya tsaya, bai juyo ba.

“Ranar nan, da kin ji maganata, da yanzu kina takaba.”

Iyakar godiyar da na samu ke nan daga bakinsa, ta kuma ishe ni har yau. Ina roƙon Allah ya jiƙan Alhaji Mamman, ya saka wa Maman Rifkatu da zuriyarta, ya yafe wa Inna da ni, don daga baya mun shirya har ita ce mai tuna masa kurkure baki. Hannun mahaifinku bai daina rawa gaba ɗaya ba har ya koma ga Mahaliccinsa, kun sha ganin shayi yana zuba masa a riga kuna dariya, shi ma yana yi. Wannan rawa ita ce kuɗin numfashinsa, ya kuma biya ba tare da ƙorafi ba. Ku kuma, in ban da Hadiza, daga Bashir har auta, duk bayan safiyar sunan nan aka haife ku.